Annabi ya ce Mama ta warke, fastonmu ya ce annabci ya ƙare: wa zan bi?

Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar aure ce, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Mahaifiyarmu ta daɗe tana fama da ciwon suga, tana shan magani, likita yana duba ta. Ƙanena ya koma wata sabuwar ikilisiya, shi ne ya kai ta taron addu'ar dare. Mutumin da suke kira annabi ya kira ta gaba, ya faɗi ciwonta ba tare da ta gaya masa ba, ya ɗora mata hannu, ya ce Allah ya warkar da ita, ci gaba da shan magani kuma rashin bangaskiya ne. Ya sa mata azumin kwana uku ba ci ba sha, ya ce ta kawo baiko na musamman domin a hatimce warkarwar. Ya kuma ce akwai wata mace a dangi da ke da hannu a ciwon. Yanzu Mama ta daina ɗaukar wayar ƙanwarta, ta ajiye maganin, ta ce jikinta ya yi sauƙi. Na je wurin fastonmu, ya ce annabci da mu'ujiza sun ƙare tun zamanin manzanni, duk wanda ya kira kansa annabi a yau maƙaryaci ne. Amma Baba, ni na taɓa ganin an yi wa yaro addu'a ya tashi bayan kowa ya fid da rai. Ƙanena kuma ya ce in yi hankali kada in saɓi Ruhu Mai Tsarki. Shin annabci da mu'ujiza suna nan har yau? In na matsa wa Mama ta koma kan magani, na yi wa Allah tawaye ne?

'Yata, alheri da salama su tabbata a gare ki. Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi da ita.

Tambayoyi biyu kika yi, amma gaggawarsu ba ɗaya ba ce. Ta farkon, malaman ikilisiya sun haura shekara 1,500 suna ja-in-ja a kanta, ba za ta lalace ba in ta kai gobe. Ta biyun ba ta jira. A yau ɗin nan ki nemi likitan Mama, ki gaya masa ranar da ta ajiye maganin, a auna sugarta, a kuma dakatar da maganar azumin nan. Yin haka ba tawaye ba ne, girmama uwa ne.

Sauƙin da take ji kada ya ruɗe ki. Ciwon suga kamar gara yake, yana ci ta ciki alhali itacen yana tsaye. Mutum yakan yi makonni yana jin garau, suga kuwa tana hawa, tana taɓa ƙoda, da ido, da jijiyoyin ƙafa. In kika ga ƙishirwa ta yi mata yawa, tana yawan fitsari, jiki ya mutu, tana amai, ko tana yawan barci da rikicewar magana, wannan na asibiti ne nan take, ko da tsakar dare ne. In allurar insulin take yi, tsayar da ita ya fi haɗari, domin abin yana iya taɓarɓarewa cikin 'yan kwanaki. Azumin kwana uku ba ruwa kuma haɗari ne ta fuska biyu: in ba ta shan magani, ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara tsananta hawan sugar, in kuma ta koma sha ba ta ci abinci ba, sugar tana iya faɗuwa har ta suma.

Ba sai kin ƙaryata kowa a gabanta ba kafin ki kai ta wurin likita. Ki buɗe mata Luka 17:14. Kutare goma suka roƙi Yesu, ya ce su je su nuna kansu ga firistoci. Haka ya gaya wa kuturun da ke cikin Markus 1:44. A shari'ar Musa firist ne mai duba cutar fata, shi ke cewa ta warke ko ba ta warke ba. Wato Ubangiji da kansa ya aika waɗanda ya warkar su je a duba su. Akwai gwajin jini da ake kira HbA1c, wanda yake nuna yadda suga ta kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. In Allah ya taɓa Mama, awo zai yi ta nunawa, likitan ne kuma da hannunsa zai rage maganin, ku samu shaidar da ba mai iya musunta. Warkarwar da take gudun awo, akwai alamar tambaya a kanta.

To, ga babbar tambayar. Ki sani cewa masu bi na gaskiya, masu riƙe da Littafi Mai Tsarki hannu bibbiyu, sun kasu biyu a kanta, kuma kowane ɓangare yana da ayoyinsa.

Ɓangaren fastonki suna cewa baye-bayen nan na annabci, da harsuna, da warkarwa ta hannun mutum, an ba da su ne domin wani aiki da ya riga ya kammala. Afisawa 2:20 ta ce an gina ikilisiya a kan harsashin manzanni da annabawa, harsashi kuwa sau ɗaya ake zuba shi. 2 Korantiyawa 12:12 da Ibraniyawa 2:3-4 sun nuna alamu da al'ajibai sun zo ne su tabbatar da manzanni da saƙonsu. Suna kuma lura cewa ko a cikin Littafi mu'ujizai ba su bazu ko'ina daidai ba, sun fi taruwa ne a zamani uku: na Musa da Joshuwa, na Iliya da Elisha, sai na Yesu da manzanni. Tun da Littafi ya cika, in ji su, ba sauran bukatar wani ya tashi ya ce "in ji Ubangiji". Wannan ra'ayi ba na jiya ba ne. Yohanna Kirisostom, mashahurin mai wa'azin da ya rasu a 407, da ya kai 1 Korantiyawa 12 a wa'azinsa, cewa ya yi wurin yana da wuyar ganewa domin abubuwan da ake magana a kansu sun daina faruwa. Yohanna Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin gyaran ikilisiya da suka rabu da Katolika, shi ma haka ya koyar game da baiwar warkarwa. Da abokan gardamarsa suka ce masu gyaran ikilisiya su kawo mu'ujiza in koyarwarsu gaskiya ce, ya amsa cewa bishararsu ba sabuwa ba ce, mu'ujizan Almasihu da manzanni sun riga sun tabbatar da ita. Shaidar bangaskiya ta Westminster, takardar koyarwa da malaman ikilisiya suka tsara a Ingila a 1646, ta rubuta cewa hanyoyin da Allah ya bi a dā wajen bayyana nufinsa sun tsaya. A 1918 malamin tauhidi na Princeton a Amurka, B. B. Warfield, ya rubuta littafi sukutum yana kare wannan matsayi.

Amma ga abin da ake yawan mantawa. Waɗannan malamai ba su taɓa cewa Allah ya daina amsa addu'a ko ya daina warkarwa ba. Abin da suka ce ya tsaya shi ne baiwar da take a hannun wani mutum ayyananne, irin ta Bitrus da ya ce wa gurgu ya tashi ya tashi. Yaron nan da kika gani ya farfaɗo bayan addu'a, ba wanda zai hana ki gode wa Allah a kansa ko a cikinsu. Ina kyautata zaton fastonki ya yi maganar ne da zafi, don ya ga irin ɓarnar da ake yi da sunan annabci. Ki koma ki tambaye shi ko zai zo ya yi wa Mama addu'ar samun lafiya. Zai zo.

Ɗaya ɓangaren kuma suna tambaya: ina ayar da ta ce sun tsaya? A ranar Fentikos Bitrus ya ɗauko maganar annabi Yowel, cewa a kwanakin ƙarshe 'ya'yanku maza da mata za su yi annabci, kwanakin ƙarshen kuwa a cikinsu muke har Almasihu ya dawo. Bulus ya ce wa Korantiyawa su yi marmarin yin annabci, ya ce wa Tasalonikawa kada su danne Ruhu, kada su raina annabci. Agabas ba ya cikin manzanni goma sha biyu, haka 'ya'yan Filibus mata huɗu da ke Kaisariya, amma duk sun yi annabci, ba kuma a mai da maganarsu wani sabon littafi ba. Wurin da gardamar ta fi zafi shi ne 1 Korantiyawa 13:8-12, inda Bulus ya faɗa ƙarara cewa annabci zai shuɗe, harsuna za su daina, sa'ad da cikakken abu ya zo. Waɗansu sun ce cikar Littafi yake nufi. Sai dai a nan ɗin ya ce a lokacin za mu gani ido da ido, mu sani kamar yadda aka san mu. Ni dai ban ga wanda ya kai wannan matsayi ba tukuna, kuma da yawa daga cikin masu cewa baye-baye sun tsaya sun yarda cewa ayar tana maganar dawowar Almasihu ne.

Tarihi ma bai tsaya gefe ɗaya ba. Ireniyas, bishop na Liyon a ƙasar da ake kira Faransa a yau, ya rubuta wajen shekara ta 180 cewa a zamaninsa akwai 'yan'uwa masu annabci da masu warkar da marasa lafiya. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yanzu, da farko yana ganin irin mu'ujizan zamanin manzanni sun wuce, amma kusa da ƙarshen ransa ya rubuta cewa cikin abin da bai kai shekara biyu ba an rubuta warkarwa kusan 70 a garinsu, ya sa ana rubuta labarin kowace ana karantawa a gaban jama'a. A 1906 taron farkawa na titin Azusa a Los Angeles ya fara a ƙarƙashin William Seymour, ɗan bayin da aka 'yanta, daga nan tafiyar Fentikos ta bazu duniya, a 1967 kuma irinta ta kunno kai a cikin Katolika a Amurka. Yau masu wannan fahimta ɗaruruwan miliyoyi ne.

In kin tambaye ni nawa ra'ayin, ban sami ayar da ta rufe ƙofar ba. Na gaskata Allah yana warkarwa har yau, yana kuma iya sa magana a zuciyar wani bawansa domin ta'aziyyar wani ko gargaɗinsa. Amma na kuma gaskata cewa yawancin abin da ake ɗaga lasifika ana kira annabci ba zai tsallake gwajin Littafi ba. Abin da nake so ki riƙe shi ne, ba sai kin raba wannan gardama ba kafin ki san abin da za ki yi da mutumin nan. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa ba wata magana a yau da take daidai da Littafi Mai Tsarki. Katolika ma, da suka yarda da wahayin da mutum yake samu shi kaɗai, suna koyar da cewa ba ya ƙara kome a kan abin da aka riga aka bayyana cikin Almasihu. Sun kuma haɗu a kan cewa dole a gwada. Ayar da ta ce kada a raina annabci, wadda take biye da ita cewa ta yi a gwada kome, a riƙe mai kyau. 1 Yahaya 4:1 ta ce kada a gaskata kowane ruhu. To, bari mu gwada shi da ma'aunin masu yarda da annabcin, ba na masu musunsa ba.

Abin da ya fi kama zuciyar Mama, na tabbata, shi ne ya faɗi ciwonta ba ta gaya masa ba. Ki fara da tambaya mai sauƙi: ƙanenki da yake zuwa wurin, bai taɓa roƙon a yi wa mahaifiyarsa addu'a ba? Bai taɓa gaya wa wani mai hidima ba, ko ya rubuta a takardar roƙon addu'a? Ba ina cewa ya haɗa baki da kowa ba ne, magana ce take da ƙafa. Ciwon suga da hawan jini kuma sun yi yawa a tsakanin masu shekaru, har wanda ya nuna dattijuwa a taro ya ambaci ɗaya daga cikinsu zai yi ta dacewa. Akwai kuma masu yi da gangan. A 1986 a Amurka aka tona asirin wani mai wa'azin warkarwa, Peter Popoff, wanda yakan tsaya a taro ya kira sunan mutum, da adireshinsa, da ciwonsa, jama'a suna kuka suna ɗaga hannu. Wani mai bincike, James Randi, da abokin aikinsa suka shiga da na'urar kama zangon rediyo, sai ga muryar matar Popoff tana karanto masa bayanan daga katunan addu'ar da mutane suka cika a ƙofa, shi kuma yana ji ta wata 'yar na'ura a kunnensa. An nuna abin a talabijin, Popoff ya yi karayar arziki a shekarar da ta biyo, amma bayan 'yan shekaru ya dawo yana tallar ruwan mu'ujiza, mutane kuma suka sake bin sa. Wannan dawowar tasa ta fi tonon asirin ba ni tsoro.

Ko da a ce ba wanda ya gaya wa mutumin nan kome, sanin ɓoyayyen abu bai isa shaida ba. A Filibi, cikin Ayyukan Manzanni 16, wata baiwa mai ruhun duba ta yi kwanaki tana bin Bulus tana cewa waɗannan bayin Allah Maɗaukaki ne. Gaskiya ta faɗa, iyayengijinta kuma suna samun kuɗi da ita ƙwarai, amma Bulus bai ɗauke ta abokiyar aiki ba, fitar da ruhun ya yi. Maimaitawar Shari'a 13 ta ce ko alamar da annabi ya faɗa ta cika, in yana jan mutane daga hanyar Allah kada a saurare shi. Yesu kuma ya ce a ranar shari'a da yawa za su ce sun yi annabci da mu'ujizai da sunansa, ya ce bai taɓa saninsu ba.

Sai baikon hatimcewa. Ki nemi wuri ɗaya a cikin Littafi inda aka biya kafin warkarwa ta tabbata, ba za ki samu ba. Da Yesu ya aiki almajiransa su warkar, ya ce musu kyauta suka samu, su bayar kyauta. Na'aman ya warke daga kuturta, ya kawo wa Elisha dukiya, Elisha ya rantse ba zai karɓa ba. Baransa Gehazi ya bi mutumin a baya ya karɓa da ƙarya, kuturtar ta koma kansa. Saminu mai sihiri ya miƙa wa Bitrus kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi. Ikilisiyar farko ta san wannan matsala sarai. Akwai wata tsohuwar takardar koyarwa da ake kira Didake, ta ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, lokacin da masu annabci suke yawo gari gari. Ba ta ce a kore su ba. Ta ce a karɓi baƙon kwana ɗaya, ko biyu in da bukata, in ya kai uku annabin ƙarya ne. Ta ce duk wanda ya ce "cikin Ruhu" a ba shi kuɗi kada a saurare shi, sai dai in domin waɗansu mabukata yake roƙo. Mutanen da suke ganin annabci da idonsu ne suka kafa wannan doka.

Maganar cewa shan magani rashin bangaskiya ne ita ce ta fi ɓata mini rai, domin Littafi ya ƙaryata ta ta ko'ina. Bulus, wanda ake ɗaukar ƙyallayen da suka taɓa jikinsa a kai wa marasa lafiya su warke, shi ne ya kira Luka ƙaunataccen likita. Shi ne ya ba Timoti shawarar abin da zai riƙa sha saboda cikinsa da yawan laulayinsa, bai tsawata masa a kan raunin bangaskiya ba. Shi ne ya rubuta cewa ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Abafaroditas ya yi ciwo har ya kusa mutuwa yana cikin hidima. Bulus ɗin kansa ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa, aka ce masa alherina ya ishe ka. A Tsohon Alkawari ma, bayan Allah ya yi wa sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, annabi Ishaya ya sa aka manna masa curin ɓaure a kan marurun. Alkawarin Allah da magani suka tafi tare, daga bakin annabi ɗaya.

Ki kuma lura da yadda aka ɗana maganar. In Mama ta samu sauƙi, annabi ya ci. In ciwon ya tashi, za a ce bangaskiyarta ce ta yi rauni, ko ba ta cika baikon ba, ko matar nan ta dangi ta sake sabon aiki. Ta kowace fuska shi ba ya faɗuwa, mara lafiya ce take ɗaukar laifin. Littafi bai bar wa annabi wannan mafita ba. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce in abin da ya faɗa bai cika ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada kuma a ji tsoronsa. Ki kwatanta da yadda Katolika suke yi a Lourdes ta Faransa, inda miliyoyin masu ziyara suke zuwa neman waraka. Tun 1883 akwai ofishin likitoci a wurin da yake bincika duk wanda ya ce ya warke: a ga takardun asibiti na kafin warkewar da na bayanta, a jira shekaru a ga ko ciwon zai dawo. Cikin mutum sama da 7,000 da suka kawo labarinsu, kimanin 70 kacal ikilisiyar ta amince ta kira mu'ujiza. Ko kin yarda da koyarwarsu ko ba ki yarda ba, waɗannan mutane ne da suka gaskata da mu'ujiza, shi ya sa ba sa wasa da sunanta.

Game da innarku, ƙanwar Mama da ake zargi, wannan ba ya bukatar dogon bincike. 1 Korantiyawa 14:3 ta ce mai annabci yana magana ne domin ginawa, da ƙarfafawa, da ta'aziyya. Maganar da ta shiga tsakanin ya da ƙanwa, ba suna, ba shaida, ba a ji ta bakin wadda ake zargi ba, ba ta gina kome ba. Shari'ar Musa ba ta yarda a kama mutum da laifi ba sai da shaidu biyu ko uku. Da almajirai suka ga makaho suka tambayi Yesu zunubin wa ya jawo, nasa ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. "Wata mace a dangi" kuwa magana ce da za ta dace da kowane gida a duniya, mai jin ne yake cika sunan da kansa daga tsohon saɓanin da yake ransa. Ciwon suga yana da sanannun dalilai, gado yana ciki, shekaru suna ciki. Ke da ƙanenki ma ya kamata ku riƙa auna taku.

Tsoron da aka jefa miki na saɓon Ruhu Mai Tsarki, ki ajiye shi. A Markus 3 Yesu ya yi wannan gargaɗi ne ga malaman Attaura da suka ga aikinsa ƙiri-ƙiri, suka ce da ikon sarkin aljanu yake yi. Tambayar mutum hujja ba ta cikin wannan. An yaba wa mutanen Biriya domin suna bincika Littattafai kowace rana su ga ko abin da Bulus yake faɗa haka yake. A Wahayin Yahaya 2:2 Ubangiji ya yaba wa ikilisiyar Afisa domin ta gwada masu kiran kansu manzanni ta same su maƙaryata. Bulus ya ce annabawa biyu ko uku su yi magana, sauran su auna. To, wa yake auna wannan mutumin? Akwai dattawan da za su iya ce masa ya yi kuskure? In amsar ita ce ba a taɓa shafaffe na Allah, ki tuna cewa Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Har ma sa'ad da masu bi a Taya suka ce wa Bulus kada ya je Urushalima, Agabas kuma ya ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa da ɗamarar Bulus ya nuna abin da zai same shi, Bulus ya saurara, ya karɓi gargaɗin, amma bai miƙa musu ragamar shawararsa ba. Ya tafi, su kuma suka ce nufin Ubangiji ya tabbata.

Ƙanenki ba maƙiyinki ba ne. Son uwarsa ne ya sa ya kai ta, ya gaji da ganinta tana haɗiyar ƙwayoyi. In kika ce masa annabinsa ɗan damfara ne, zai kare shi ko da a ransa yana shakka. Ki ce masa ke ma kina roƙon Allah ya warkar da Mama, kina so shi ne zai raka ku wurin likita, ya ga awon da idonsa. Gani ya kori ji. In ya ce zuwa asibiti zai ɓata warkarwar, ki tambaye shi a hankali wace irin warkarwa ce ta Allah da allurar ɗibar jini za ta iya warwarewa.

Mama kuma babba ce, ba za ki ɗura mata magani ba, kada ma ki ɓoye shi cikin abin da take ci. Ki nemi wanda take jin nauyinsa, ko fastonku, ko wani dattijo a dangi, ko tsohuwar ƙawarta a ikilisiya, ku zauna da ita cikin ladabi. Yakubu 5:14 ta ce mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, to ku kira su, a yi addu'ar a ɗakinta, maganin yana ajiye a gefe ba wanda ya ɓoye shi. In akwai na'urar auna suga a gida, ku riƙa aunawa kowace safiya kafin ta ci kome, ki rubuta lambar da kwanan wata a littafi, ki kai wa likita. Kada ki mai da ita kan tsohon adadin maganin da kanki bayan ta yi kwanaki ba ta sha, likitan ne zai faɗi yadda za ta koma. Innarku kuma ki kira ta yau ki gaishe ta, ba sai kin kwashe abin da aka faɗa kin gaya mata ba, ki dai ce Mama ba ta jin daɗi kwanan nan, kuna bukatar addu'arta. In an yi awon, ki rubuto mini abin da likitan ya ce.